Tiyatar rage ƙiba ga matasa: Abin da bibiyar shekara 10 ta gano

Kusan shekara 20 ke nan likitocin yara a Amurka da Turai suna ja-in-ja a kan tambaya guda: shin ya dace a shigar da yarinya 'yar shekara 16 ɗakin tiyata, a yanke mata mafi yawan tumbinta, saboda ƙiba ta yi mata katutu? Masu adawa suna cewa yaro bai gama girma ba, hankalinsa kuma bai kai ya yanke hukuncin da ba a iya warwarewa ba. Masu goyon baya suna cewa jiran shi ma hukunci ne, domin kafin yarinyar ta kai shekara 30 wataƙila ciwon suga ya riga ya taɓa mata ƙoda da idanu.

A watan Oktoban 2024 mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine ta wallafa sakamakon bibiyar matasa 260 da aka yi wa wannan tiyata a Amurka, aka kuma ci gaba da auna lafiyarsu har tsawon shekara 10. An tarar ma'aunin ƙibarsu ya ragu da kimanin kashi 20 cikin 100, kuma ragin ya ɗore. Daga cikin waɗanda suka shiga tiyatar da ciwon suga, kashi 55 cikin 100 sun cika shekara 10 ciwon yana kwance, ba sa shan magani. Ga masu hawan jini adadin ya kai kashi 57, ga masu yawan maiƙo a jini kuma kashi 54.

Waɗannan alƙaluma sun ƙarfafa gwiwar masu goyon baya ƙwarai. Sai dai binciken nan da 'yan uwansa na ƙasashen Suwidin da Saudiyya sun ƙunshi wasu alƙaluman da ba a cika sanya su a kanun labarai ba, kuma su ne suka fi shafar duk iyayen da ke tunanin ɗaukar ɗansu zuwa waje domin wannan aiki.

Wace irin ƙiba ake magana a kai?

Ba yaron da ya yi kumatu ko ya ajiye ɗan tumbi ake nufi ba. Likitoci suna amfani da wani ma'auni da ake kira BMI, wanda ake samu idan aka ninka tsayin mutum a mita da kansa, sannan aka raba nauyinsa a kilo da abin da ya fito. A wurin babban mutum, daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 shi ne daidai, daga 30 zuwa sama kuma an shiga ƙiba. Matasan da aka fara wannan bincike da su, matsakaicin ma'auninsu 53 ne. Matashi mai tsayin mita 1.7 da ke da wannan ma'auni, nauyinsa ya zarce kilo 150 da kaɗan, wato nauyin buhun siminti uku, a jikin da matsakaicin shekarunsa 17 ne.

A wannan mataki ƙiba takan taho da rakiya. Akwai ciwon suga irin na manya, akwai hawan jini, akwai taruwar kitse a hanta, akwai ɗaukewar numfashi a cikin barci wadda ke sa yaro minshari da dare da gyangyaɗi a aji da rana. Gwiwoyi da ƙugu sukan gaza. 'Yan mata da dama al'adarsu takan rikice. Ga kuma tsangwamar abokai, wadda ke sa wasu barin makaranta gaba ɗaya. Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ƙiyasta a shekarar 2019 cewa yara da matasa miliyan 4.5 ne ke fama da matsananciyar ƙiba a ƙasar. A duniya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 yara da matasa miliyan 160 'yan shekara 5 zuwa 19 ne ke da ƙiba, wato kashi 8 cikin 100, alhali a 1990 kashi 2 ne kacal.

Abin da kowa zai fara faɗa shi ne, me zai hana a rage wa yaron abinci, a sa shi motsa jiki? Ana yin hakan, kuma shi ne matakin farko a kowane asibiti. Matsalar ita ce idan ƙiba ta kai wannan matsayi, jiki yakan koma kare nauyinsa kamar yadda yake kare zafinsa. Da zarar nauyi ya fara sauka, sinadaran da ke tayar da yunwa sukan ƙaru, jiki kuma ya rage yawan kuzarin da yake ƙonawa, har sai abin da aka rasa ya dawo. Shi ya sa shirye-shiryen rage abinci, duk tsananinsu, ba kasafai suke sauke wa irin waɗannan matasa fiye da 'yan kilo kaɗan ba. Ɗora laifin duka a kan kwaɗayi ko lalaci rashin adalci ne ga yaron, kuma bai taɓa rage masa ko kilo ɗaya ba.

Yadda ake tiyatar

Iri biyu ne suka fi shahara, kuma dukansu ana yin su ne ta 'yan ƙananan ƙofofi a fatar ciki, da na'ura mai kyamara, ba tare da an tsaga cikin baki ɗaya ba.

A na farko ana yanke kimanin kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi a fitar da shi, a bar wani siririn ɓangare mai kama da ayaba. Abin da aka cire ya tafi ke nan har abada. Wannan shi ne aka fi yi wa matasa a yanzu. A na biyu ba a cire komai, sai dai a ware wata 'yar jaka kamar girman ƙwai daga saman tumbin, a haɗa ta kai tsaye da tsakiyar ƙaramin hanji, ta yadda abinci zai kauce wa sauran tumbin da farkon hanjin. Ana iya kiran wannan tiyatar karkatar da hanyar abinci. Akwai na uku da aka taɓa yayi, wato ɗaure saman tumbi da zobe, wanda wani gwaji da aka yi a kan matasa 50 a Ostireliya ya nuna a shekarar 2010 cewa yana rage nauyi, amma yawan komawa tiyata domin gyaran zoben ya sa galibin likitoci sun yi watsi da shi.

An daɗe ana zaton amfanin tiyatar duka shi ne ƙanƙantar da ma'ajiyar abinci. Daga baya aka fahimci lamarin ya wuce nan. Ɓangaren tumbin da ake cirewa shi ne ke samar da mafi yawan sinadarin girelin, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa ana jin yunwa. Haka kuma idan abinci ya isa ƙasan hanji da wuri, hanjin yakan fitar da wani sinadari mai suna GLP-1 da yawa, wanda ke kawo ƙoshi yana kuma taimaka wa jiki fitar da insulin. Wannan ne ya sa ake ganin sugan wasu majinyata ya daidaita cikin 'yan kwanaki bayan tiyata, tun kafin su rasa wani nauyin a-zo-a-gani.

Binciken asibitoci biyar

Binciken da aka fi dogaro da shi ana kiransa Teen-LABS. Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka ne suka ɗauki nauyinsa, a ƙarƙashin jagorancin likitan tiyatar yara Thomas Inge. Tsakanin 2007 da 2012 an shigar da matasa 242 daga asibitoci biyar da ke biranen Cincinnati da Columbus da Houston da Birmingham da Pittsburgh. Kashi uku cikin huɗu 'yan mata ne.

Tambayar farko ita ce ko za su tashi daga gadon tiyatar lafiya. A cikin kwana 30 na farko babu wanda ya rasu. Kashi 8 cikin 100 sun gamu da babbar matsala, irin wadda kan kai ga sake shiga tiyata, kashi 15 kuma sun gamu da ƙananan matsaloli kamar rashin ruwa a jiki.

Sakamakon shekara uku ya fito a farkon 2016. Nauyi ya sauka da kashi 27 cikin 100, wanda ga mai kilo 150 yake nufin kilo 40 ko sama da haka kaɗan. Ciwon suga ya kwanta wa kashi 95 cikin 100 na masu shi, aikin ƙoda ya daidaita ga kashi 86, hawan jini ya sauka ga kashi 74. A gefe guda kuma, kashi 57 cikin 100 ma'ajiyar sinadarin ayon ta jikinsu ta yi ƙasa, alhali kafin tiyatar kaɗan ne ke da wannan matsala. Kashi 13 kuma an sake yi masu wani aikin a ciki, galibi cire matsarmama, domin saurin ramewa yana haifar da tsakuwa a cikinta.

Idan aka jera kashi 95 na shekara uku da kashi 55 na shekara 10, za a ga dalilin da ya sa likitoci suke cewa ciwon ya kwanta, ba su cewa ya warke. Yana iya farkawa, kuma ya farka wa wasu. Duk da haka, kashi 55 bayan shekara 10 adadi ne da ya zarce abin da aka saba gani a wurin manya nesa ba kusa ba.

Wannan bambanci tsakanin yaro da babba shi ne ginshiƙin muhawarar. A shekarar 2019 masu binciken sun kwatanta matasa 161 da manya 396 waɗanda aka yi wa tiyatar karkatar da hanyar abinci, kuma manyan duk tun suna matasa suke fama da ƙiba. Bayan shekara biyar nauyin da suka rasa ya yi kusa da juna, kashi 26 ga matasa da kashi 29 ga manya. Amma ciwon suga ya kwanta wa kashi 86 na matasan, a manyan kuwa kashi 53 ne. Hawan jini ya sauka ga kashi 68 na matasa, da kashi 41 na manya. Bayanin da likitoci ke bayarwa shi ne, ƙwayoyin da ke samar da insulin a jikin matashi ba su riga sun gaji ba, jijiyoyin jininsa kuma ba su riga sun ƙage ba. Icen da aka tanƙwara tun yana ɗanye ya fi bin hannu. Wanda ya jira shekara 20 zai iya rasa nauyi daidai da na yaron, amma ɓarnar da aka riga aka yi ba duka take gyaruwa ba.

Wani kwatancen da aka wallafa a 2018 ya ƙara fito da wannan fili. An ɗauki matasa 30 masu ciwon suga da aka yi wa tiyata, aka jera su da wasu 63 masu irin ƙibarsu waɗanda ake kula da su da magani a wani binciken daban mai suna TODAY. Cikin shekara biyu, awon suga na dogon zango ya sauka daga 6.8 zuwa 5.5 a wurin 'yan tiyata, a wurin masu shan magani kuwa ya tashi daga 6.4 zuwa 7.8. Ciwon suga irin na manya idan ya kama yaro ya fi saurin ɓarna fiye da idan ya kama dattijo, kuma ya fi bijire wa magani.

Kuɗin da jiki ke biya

A wannan kwatance na 2019 ne kuma aka ga ɗaya fuskar. Matasa sun fi manya komawa ɗakin tiyata, kusan ninki biyu. Ƙarancin ayon ya kama kashi 48 cikin 100 na matasan, a manya kuma kashi 29. Matasa uku da manya bakwai sun rasu cikin shekara biyar, wanda a lissafin kashi kusan daidai yake, amma biyu daga cikin matasan alamu sun nuna shan ƙwaya fiye da kima ne ya yi ajalinsu. Wannan ya tayar da hankalin masu binciken, domin an riga an san cewa bayan tiyatar barasa takan shiga jini da sauri fiye da da, kuma haɗarin faɗawa shaye-shaye yana ƙaruwa.

Dalilin ƙarancin ayon a bayyane yake. Farkon ƙaramin hanji, inda jiki ya fi tsotsar ayon, shi ne wurin da abinci ke kauce wa bayan an karkatar da hanyarsa. Bitamin B12 kuma yana buƙatar wani sinadari da tumbi ke samarwa kafin jiki ya iya karɓarsa. Saboda haka duk wanda aka yi wa wannan tiyata, an ɗaure shi ke nan da shan bitamin da ayon da kalsiyam har ƙarshen rayuwarsa, tare da gwajin jini lokaci zuwa lokaci. Wanda ya taɓa fama da ɗan shekara 16 a kan shan maganin zazzaɓi na kwana uku ya san nauyin wannan sharaɗi. Bincike ya nuna matasa da yawa suna sakaci da shan bitamin ɗin tun cikin watannin farko. Sakamakon sakacin ba ya bayyana nan take. Yakan zo a hankali, da kasala da ƙarancin jini da raunin ƙashi, wani lokacin har da lalacewar jijiyoyi.

Binciken ƙasar Suwidin mai suna AMOS, wanda likita Torsten Olbers ya jagoranta aka kuma wallafa a 2017, ya bi matasa 81 tsawon shekara biyar. Matsakaicin abin da suka rasa ya kusa kilo 37, alhali takwarorinsu da ba a yi wa tiyata ba ƙara nauyi suka yi. Amma ɗaya cikin huɗu an sake buɗe masa ciki saboda toshewar hanji ko tsakuwar matsarmama, kashi 72 cikin 100 kuma an same su da ƙarancin wani sinadarin abinci. Kimanin ɗaya cikin goma bai rasa nauyin kirki ba. Suwidin ƙasa ce da gwamnati ke ɗaukar nauyin lafiyar jama'a, inda ganin likita ba ya gagarar talaka, amma duk da haka alƙaluman suka fito a haka.

Daga Suwidin ɗin ne kuma aka samu amsar wata tambaya mai muhimmanci ga iyaye. Da yawa suna sa ran idan jikin yaro ya sauka, baƙin ciki da ƙuncin da yake ciki za su tafi tare da kitsen. Masu binciken sun tarar ganin ƙimar kai yana ɗan ƙaruwa, cin abinci ba kan gado yana raguwa, amma ciwon damuwa da fargaba galibi suna nan daram bayan shekara biyar. Yaron da ke buƙatar likitan ƙwaƙwalwa kafin tiyata, yana buƙatarsa bayanta.

Tsoron da aka fi yi tun farko, wato cewa tiyatar za ta tsayar da girman yaro, shi ne bai tabbata ba. Likita Aayed Alqahtani na Jami'ar Sarki Sa'ud da ke Riyadh ya wallafa a 2021 sakamakon yara da matasa 2,504 'yan shekara 5 zuwa 21 da aka rage wa tumbi a Saudiyya, wasunsu an bi su har kusan shekara 10, kuma bai ga alamar tsayinsu ya tauye ba.

Akwai inda ya kamata a yi hattara da duk waɗannan alƙaluma. A binciken Teen-LABS ba a raba matasan ta hanyar ƙuri'a ba, waɗanda suka zaɓi tiyatar kuma likitoci suka amince da su ne aka bi, mafi yawansu kuma fararen fata ne. Gwajin ƙuri'a, wanda shi ne mafi ƙarfin hujja a kimiyyar likitanci, an yi shi a Suwidin a kan matasa 50 'yan shekara 13 zuwa 16, aka wallafa a 2023. Bayan shekara biyu ma'aunin BMI na 'yan tiyata ya sauka da maki 12.6, na waɗanda aka bai wa kulawa mai tsanani ba tare da tiyata ba kuwa ya sauka da 0.2 kawai. Hujja ce mai ƙarfi, amma mutum 50 ne a shekara biyu. Wanda aka yanke wa tumbi yana ɗan 15 kuwa ana fatan zai rayu da wannan tumbin shekara 60.

Matsayin likitoci da shigowar allura

A watan Janairun 2023 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta fitar da sabuwar ƙa'ida wadda ta ce a daina dabarar zuba ido a ga ko yaro zai rame da kansa. Ta ba da shawarar a yi la'akari da magani daga shekara 12, sannan daga shekara 13 a tura mai matsananciyar ƙiba wurin ƙwararru su duba ko ya cancanci tiyata. Sharaɗin da aka saba bi shi ne ma'aunin BMI na 40 zuwa sama, ko 35 idan akwai wata cuta mai tsanani tare da shi, da ɗan gyara gwargwadon shekarun yaro da jinsinsa. Ƙa'idar ta sha suka daga masu kula da matsalolin cin abinci, waɗanda ke ganin za ta ƙara sa yara tsanar jikinsu. Ya kamata a lura cewa ƙungiyar cewa ta yi a tura yaro a tantance shi, kuma tantancewar takan ɗauki watanni, da likitan yara da likitan tiyata da masanin abinci da masanin halayyar ɗan Adam, tare da amincewar iyaye da ta yaron kansa.

Ana cikin wannan muhawara sai ga allura ta shigo. Maganin semaglutide, wanda kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak ke sayarwa da sunan Wegovy, kwaikwayon sinadarin nan ne na GLP-1 da hanji ke fitarwa bayan tiyata. A wani gwaji da aka wallafa a 2022 a kan matasa 201, allurar mako-mako ta rage ma'aunin ƙiba da kashi 16 cikin 100 a mako 68, kuma a watan Disambar shekarar hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince a riƙa ba 'yan shekara 12 zuwa sama. Allurar ba ta yanke komai, ana kuma iya dainawa. Sai dai a nan gizo ke saƙa, domin binciken da aka yi a kan manya ya nuna shekara guda bayan daina allurar kimanin kashi biyu cikin uku na nauyin da aka rasa yakan dawo. Ga tsada, ga kuma cewa ga mai kilo 150, ragin kashi 16 zai bar shi a cikin matsananciyar ƙiba har yanzu. Likitoci da dama yanzu suna kallon hanyoyin biyu a matsayin matakai, a fara da allura, idan ba ta wadatar ba a wuce tiyata, wani lokacin ma a koma wa allurar bayan tiyata idan nauyi ya fara dawowa.

Ita kanta tiyatar ba kasafai take mayar da mutum siriri ba. Wata bibiya da aka yi a Cincinnati ta matasa 58, kimanin shekara takwas bayan tiyata, ta tarar kusan biyu cikin uku har yanzu ma'auninsu bai sauka ƙasa da 35 ba, musamman waɗanda aka kai asibiti bayan nauyinsu ya riga ya yi nisa.

Inda abin ya shafi Najeriya

Za a iya cewa wannan matsalar masu ƙoshi ce, a ƙasar da binciken lafiyar al'umma na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki. Amma binciken nan dai ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kuma abin ya fi yawa a birane da gidajen masu hali. Lemon kwalba da taliyar 'yan yara da zaman gaban waya sun shiga gidaje, har gwamnatin tarayya ta sanya harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi a dokar kuɗi ta 2021. A ƙasar Hausa kuma har gobe ana yi wa ƙiba kallon alamar hutu, ana yaba wa amarya idan ta yi ɓul-ɓul, wasu 'yan mata ma har sayen ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe" suke yi domin su ciko. Yaron gidan mai kuɗi da nauyinsa ya wuce misali yakan daɗe ana yi masa kirari kafin wani ya tuna da auna masa suga.

Asibitoci ƙalilan ne ke yin wannan tiyata a Najeriya, don haka masu hali sukan nufi Indiya ko Masar ko Turkiyya ko Dubai. A nan ne ya kamata a karanta binciken da kyau. Duk kyakkyawan sakamakon da aka ambata an same shi ne a wuraren da tawagar likitoci ke bin yaro shekara da shekaru, suna kiransa gwajin jini, suna gano matsala tun tana ƙarama. Tafiyar mako biyu a dawo gida da takardar sallama ba ta ƙunshi wannan ba. Ɗinkin tumbi yana iya yoyo bayan an sauka daga jirgi, hanji yana iya murɗewa bayan shekara biyu, kuma likitan da zai karɓi majinyacin a sashen gaggawa yana buƙatar sanin ainihin irin aikin da aka yi masa.

Batun 'yan mata ya fi buƙatar natsuwa. Binciken nan na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini tun ba a taɓa tumbinsu ba. Bayan tiyata kuma damar ɗaukar ciki takan ƙaru da sauri yayin da al'ada ta daidaita, alhali likitoci suna ba da shawarar a jinkirta ciki na wata 12 zuwa 18, lokacin da jiki ke cikin ramewa. A inda ake aurar da yarinya da ta gama sakandare, kuma dangi suka zuba ido su ga ciki a shekarar farko, wannan magana ce da ya kamata a gama ta kafin a sayi tikitin jirgi.

Haka batun ci da sha na yau da kullum. Sabon tumbin 'yan lomomi yake ɗauka, ana ci kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, ana kurɓar ruwa a hankali ba tare da an haɗa shi da abinci ba. Malmalar tuwo guda a zama ɗaya ta zama tarihi, kayan zaƙi kuma suna iya jawo jiri da zufa da gudawa nan take, musamman ga wanda aka karkatar wa hanyar abinci. Azumin Ramadan na farko bayan tiyata yakan zo da haɗarin bushewar jiki, domin ba a iya rama ruwan yini guda tsakanin buɗa-baki da sahur da tumbi mai girman ayaba, shi ya sa likitoci a ƙasashen Musulmi sukan shawarci majinyaci ya jinkirta azumi a watannin farko, ya rama daga baya idan likitansa ya ga jikin ya daidaita.